Gara ka miƙa makulli da hannunka da a yi gwanjon gidanka a ƙofar kotu

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce mun je suna a wata unguwa a bayan garin Atlanta na Amurka, an ci an sha, maza muka koma gareji muna shan shayi kamar yadda aka saba, sai hira ta gangaro kan wani ɗan'uwanmu da aka yi gwanjon gidansa watan jiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garinsu a gida ba, waɗanda suka sani sun sani. Yadda aka yi hirar ne ya tsaya min a rai. Wani ya ce ai son a sani ne, me direban tirela zai yi da gida mai ɗaki huɗu. Wani ya ce alhakin riba ne. Na ukun kuwa, wanda na fi jin haushinsa, cewa ya yi "kash, da na ji da wuri ai da na je gwanjon, an ce yar da gidan aka yi." Aka kwashe da dariya.

Babu wanda ya tambaya yanzu ina yake kwana da yara huɗu. Kuma babu wanda ya yi tambayar da ni take ci min tuwo a ƙwarya: ta yaya mutum zai yi wata tara yana nitsewa a tsakiyarmu, kafaɗarmu na gogar tasa a sahun Juma'a, amma ko mutum ɗaya bai sani ba, har matarsa sai da ta ga takarda manne a ƙofa?

Bari in faɗi matsayina tun yanzu kar in ja ku da nisa. In bashin gida ya fi ƙarfinka a ƙasar nan, ka duba gabas ka duba yamma babu alamar kuɗin wata zai dawo, to ka sayar da gidan tun kana da ta cewa, ko da kuɗin da za a saya bai kai bashin da ake binka ba, ka nemi banki ya karɓi abin da ya samu ya yafe giɓin. Wannan shi ne abin da suke kira shot sel. Ya fi zaman jiran ranar gwanjo nesa ba kusa ba. Kuma abin da ke hana mutanenmu yin sa ba turanci ba ne ba kuma takardu ba, mu ne, bakinmu ne, irin hirar garejin nan ce.

Ga yadda abin yake a taƙaice, da lissafin misali. Ka sayi gida dala 300,000 da lamunin FHA, wato wanda hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya ke tsaya wa, wanda ake ajiye kashi 3.5 cikin ɗari kawai a karɓi makulli. Ke nan kusan duk kuɗin gidan bashi ne, har da kuɗin inshorar lamunin da ake ɗorawa a kai. Bayan shekara biyu abin da ka biya yawanci ruwa ne, uwar kuɗin ko gezau ba ta yi ba, ana binka wajen 285,000. Kasuwa ta ɗan sauka, ga rufi yana yoyo, mai saye ya ce 255,000. Cire ladan dillalai da kuɗin rufe ciniki, abin da zai isa hannun banki bai fi 240,000 ba. Giɓin 45,000 ɗin nan shi ne matsalar. Ba ka da ikon sayarwa sai banki ya saki takardar jinginar, shi kuma ba zai saki ba sai an biya shi cif, ko kuma ya yarda a rubuce cewa ya karɓi ragowar. Yardar nan ake nema.

"Ai duk rasa gida ne, meye bambancin?"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma wanda bai taɓa ganin gwanjo da idonsa ba ne yake faɗinta.

Ni na taɓa zuwa kallo. A nan Jojiya, kamar a Tekzas, ba sai banki ya kai ka gaban alƙali ba kafin ya sayar da gidan. Zai aiko maka da sanarwa kwana 30 kafin ranar, ya buga a jaridar gunduma sati huɗu a jere, sunanka da adireshinka ɓaro-ɓaro, sannan ranar Talatar farko ta wata a yi gwanjo a matakalar kotu. Na je da hantsi. Mutane tsaye cirko-cirko, wasu sun zo da kujerun naɗewa da kular ruwa kamar masu zuwa kallon ƙwallo, kowa riƙe da fayil cike da cekin banki. Masu karanta sanarwa biyu uku a lokaci ɗaya, kowa a lungunsa yana karatu da sauri da murya ƙasa-ƙasa, in ba ka matsa kusa ba ba za ka ji ko wane gida ake magana ba. Wani mai gajeren wando ya ɗaga yatsa, wani ya ƙara, aka ce an sayar. Minti uku bai cika ba. Gidan da wani ya yi shekara yana lodin dare don ya tara kuɗin ajiyarsa.

Bayan nan kai baƙo ne a gidanka. Sabon mai gida zai shigar da takardar fitarwa, in ka yi taurin kai jami'an sharif, wato 'yan sandan gunduma, su zo a fito da katifu da tukwane a jibge a bakin titi yara suna kallo maƙwabta suna leƙe ta labule.

A shot sel kai ne mai sayarwa. Kai ka zaɓi dillali, kai ka sa hannu, ka san ranar da za ka tashi tun da sauran sati huɗu ko shida, ka nemi haya tun sunanka bai gama ɓaci ba, ka kwashe kayanka da mota cikin mutunci, ka canza wa yara makaranta a tsanake. Maƙwabci abin da zai gani allon dillali ne a gaban gida, irin wanda yake gani kullum.

Sai kuma maganar gobe. A ƙa'idar Fannie Mae, babban kamfanin da ke sayen lamunin gidaje daga bankuna, wanda aka ƙwace wa gida sai ya jira shekara 7 kafin a sake ba shi lamunin gida irin nasu, wanda ya yi shot sel shekara 4, in ma ya kawo hujjar cewa lalura ce ta gaske kamar ciwo ko rasa aiki za a iya rage masa zuwa 2. Makin kiredit kam, wato makin da ake duba wa kafin a ba ka bashi, duka biyun zai sha kashi, ba zan yi muku ƙarya ba, tabon yana zama shekara 7 a rahoto. Amma shekara uku a rayuwar mutum mai shekara arba'in da biyar da yara suna girma ba wasa ba ne.

"Banki ba shi da imani, ba zai yarda ba"

Rashin imanin kam na yarda. Wanda ya zauna a ƙasar nan daga 2008 zuwa 2012 ya ga abin da ya gani. Farashin gidaje ya hau har 2006 sannan ya rikito, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, a watan ne gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac. A Las Vegas da Finiks gidaje sun rasa fiye da rabin darajarsu. An kai lokacin da kusan ɗaya cikin huɗu na masu bashin gida a Amurka bashinsu ya fi gidan tsada. A 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gida sama da miliyan ɗaya. A shekarar ce kuma asiri ya tonu cewa ma'aikatan bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gida ba tare da sun karanta ko ɗaya ba, abin da ya kai ga sulhun dala biliyan 25 a Fabrairun 2012 tsakanin jihohi 49 da gwamnatin tarayya da manyan bankuna biyar. Kuma baƙar fata sun fi kowa jin jiki, masu ba da lamuni Countrywide da Wells Fargo duk sai da suka biya kuɗin sulhu kan zargin ɗora wa baƙaƙe da 'yan Latino bashi mai tsada fiye da fararen da suke daidai da su. Don haka in ka ce ba ka yarda da banki ba, ni ma ban ce ka yarda ba.

Amma banki ba don tausayi yake karɓar shot sel ba, lissafi yake yi. In ya ƙwace gida sai ya biya lauya, ya biya haraji da inshora, ya biya mai yankan ciyawa, gida ya zauna babu kowa wata da watanni, sanyi ya fasa bututu, ɓarayi su kwance na'urar sanyaya ɗaki su zare wayar tagulla, a ƙarshe ya sayar ƙasa da abin da kai ka kawo masa. A jihohin da dole sai an bi ta kotu, irin su Niyok da Niyu Jasi da Fulorida, shari'ar kan ɗauki shekaru. Banki ba ya son gida, kuɗi yake so. Shi ya sa ma gwamnatin Obama ta fito da shirin HAFA a 2010, ana ba wanda ya yi shot sel dala 3,000 na kwashe kaya, daga baya aka ɗaga zuwa 10,000, kafin a rufe shirin a ƙarshen 2016. Har yanzu wasu masu lamunin suna ba da ɗan abin tashi, sai dai in ba ka tambaya ba babu mai ce maka ga shi.

Wahala kam akwai ta. Za su ce kawo wasiƙar bayanin abin da ya same ka, kawo takardar albashi, kawo bayanan asusun banki na watanni, kawo takardun haraji na shekara biyu, ka aika su ce ba su gani ba, ka sake aikawa su ce na farkon ya tsufa, a turo mai ƙiyasin farashi ya zo ya ɗauki hoto minti goma ya rubuta kuɗin da babu mai saye a kai, mai sayenka ya gaji da jira ya tafi a koma neman wani. Wata uku, wata shida, duk yana faruwa. In kana da bashi na biyu a kan gidan shi ma sai an lallashe shi daban. Wannan duk gaskiya ne.

To amma shi ya sa nake cewa tun da wuri. Tun 2014 dokar hukumar CFPB, mai kare haƙƙin masu cin bashi, ta hana a fara shirin ƙwace gida sai mutum ya wuce kwana 120 bai biya ba. Kuma in ka miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, dole su duba ta su ba ka amsa kafin su sayar. Wata huɗu doka ta ba ka a hannu. Ɗan'uwanmu ya cinye su yana ɓoye wasiƙu.

Na san haka ne don daga baya na je wurinsa, a wani otal mai arha da ake biya sati-sati. Ya jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin gado ya zazzage a gabana. Ambulan sun fi talatin, yawancinsu ko buɗewa bai yi ba, a aljihun ƙofar tirela yake tara su don kar uwargida ta gani. Na ce "Yaya, me ya hana ka kira ni?" Ya daɗe yana kallon ƙasa sannan ya ce "ƙanena, da wane baki? Ni da aka yi walimar shiga gida aka yanka rago biyu, hoton yana wayar kowa har ƙauyenmu." Muka buɗe wasu. A cikin na farko-farko akwai wadda ke cewa ya kira a tattauna hanyoyin sassauci, har da lambar masu ba da shawara kyauta waɗanda ma'aikatar gidaje ta HUD ta amince da su. Tana nan a rufe wata takwas.

Masu cewa alhakin riba ne

A nan zan taka a hankali don ni ba malami ba ne. Riba haramun ce, ban zo jayayya a kan wannan ba, kuma akwai kamfanoni a ƙasar nan irin su Guidance Residential da UIF da suke ba da gida ta hanyar haɗin gwiwa ko murabaha, masu so suna zuwa. Sai dai ku sani ko a can in ka daina biya gidan zai tafi, ba sadaka suke yi ba.

Abin da ban gane ba shi ne, mutum ya faɗa rijiya, kai kana tsaye a baki kana karanta masa hukuncin wanda ya yi tafiyar dare babu fitila. To ya ji. Yanzu fa? In ma ribar ce damuwarka, ai kowane wata da ya ƙara a cikin bashin nan ruwa ne ke hawa da tarar jinkiri da kuɗin lauyan banki, hanyar da ta fi saurin raba shi da ribar ita ce ya sayar ya fita. Kuma aya ta 280 a Baƙara da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, tana nan daf da ayoyin riba, shafi ɗaya ne. Ban ga dalilin da za mu haddace na sama mu tsallake na ƙasa ba. Rabin masu wannan magana a garejin nan kuwa motar da suka zo da ita bashi ce mai ruwa, na dai yi shiru ne don gidan suna ne.

"In na daure farashi zai dawo"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba zan raina ta ba. Wanda ya riƙe gidansa daga 2009 ya daure har 2016 ko 2020, ya ga kuɗin gidan ya dawo har ya wuce. Akwai waɗanda suka yi shot sel a 2011 yau suna cizon yatsa in sun wuce ta gaban tsohon gidansu.

Amma daurewa da kuɗin wata ake yin ta, ba da zuciya ba. In matsalarka ta ɗan lokaci ce, ka karye a ƙafa wata uku za ka koma aiki, to kar ka sayar, ka nemi a ɗaga maka biya. A lokacin korona dokar CARES ta Maris 2020 ta ba masu lamunin da gwamnati ta tsaya wa damar dakatar da biya kwana 180 a kuma ƙara wasu 180, miliyoyi sun tsira da gidajensu ta haka. Ko yanzu akwai gyaran yarjejeniya, a tsawaita shekaru a rage na wata, ko a ɗauke bashin da ya taru a kai shi ƙarshen lamuni. Duk wannan a fara gwadawa. Musamman wanda ya ci sa'ar ruwan ƙasa da kashi 3 a 2020 ko 2021, wannan ya riƙe gidansa da haƙori, don a Oktoban 2023 ruwan ya kusa kashi 8, ba zai sake samun irin na da ba cikin sauƙi.

Maganata a kan wanda lissafinsa ya riga ya karye ne. Ya saya a 2022 ko 2023 farashi yana sama ruwa yana sama, da albashi biyu aka yi lissafin yanzu saura ɗaya, ko lodin tirela ya faɗi kamar yadda ya faɗi wa direbobi da yawa a 2023, ga harajin gida da inshora sun hau sun ƙara kuɗin wata duk da an ce masa ruwan ba ya canzawa. Irin wannan in ya ce zai daure, abin da zai yi shi ne ya cinye ajiyarsa, ya cika katin bashi, ya ci adashin matarsa, ya ranta wurin abokai, sannan bayan shekara a ƙwace gidan duk da haka, ya fita babu gida babu ajiya babu abokai. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu namu da ba ma son a taɓo. Ana bin mutum bashin wata uku a nan amma duk wata sai ya tura kuɗin bulo da siminti gida, don ginin da ya fara a Kano ko Damagaram kar a ce ya tsaya. Gidan da yaransa ke kwana a ciki yana zamewa, wanda babu kowa a ciki sai ƙadangaru yana hawa. Ban ce kar a yi gini a gida ba, ni ma ina da fili. Amma in ka kira ƙaninka ka ce a dakata da ginin wata shida, babu wanda zai mutu.

Tarkuna biyu da dillali ba lallai ya faɗa maka ba

Na farko, giɓin nan. Yardar banki a sayar daban, yafe ragowar daban. A Kalifoniya doka ta hana banki bin ka ragowar bayan ya amince da shot sel na gidan zama, amma a jihohi da yawa in takardar amincewar ba ta faɗa a fili cewa an yafe ba, za su iya sayar da bashin ga masu karɓar bashi su biyo ka bayan shekara biyu kana zaune lafiya. Kar ka sa hannu sai lauya ya nuna maka layin da yatsa.

Na biyu haraji. A wurin hukumar haraji ta IRS bashin da aka yafe maka kamar kuɗin shiga ne, za a aiko maka da fom 1099-C. A Disambar 2007 Shugaba Bush ya sa hannu a dokar da ta ɗauke wannan harajin ga gidan da mutum yake zaune a ciki, an yi ta sabunta ta tana ƙarewa ana sabuntawa, don haka ka tambayi mai yi maka haraji matsayinta a shekarar da kake ciki, ka kuma tambaye shi hukuncin wanda bashinsa ya fi dukiyarsa yawa, don shi yana da tasa mafitar.

To mai saye fa, angulu ne?

Na dawo kan mutumin da ya ce da ya ji da ya je gwanjon. Na yi ta tunanin me ya sa maganarsa ta ƙona min rai, alhali ni kaina ban ga laifin sayen gidan shot sel ba. Gida yana kasuwa a fili, dillali ya sa shi kowa yana gani, banki ya turo an ƙiyasta, mai gida yana addu'ar a samu mai saye kafin ranar gwanjo. Wanda ya zo ya saya ya kuma yi haƙurin jiran wata huɗu, wallahi taimakonsa ya yi. In babu mai saye ai sai matakalar kotu. Kuma in mu ba mu saya ba akwai masu saye, bayan rikicin 2008 kamfanin Blackstone ya kafa Invitation Homes a 2012 ya kwashi dubban gidaje, Atlanta tana cikin inda suka fi saye, yau haya ake biyansu a unguwannin da da masu gida ne a ciki.

Abu ɗaya dai, banki zai sa ku rantse a rubuce cewa babu dangantaka ko wata yarjejeniyar ɓoye tsakanin mai saye da mai sayarwa. Dabarar nan ta "bari ƙanina ya saya da arha daga baya ya mayar min" zamba ce a dokarsu, ana ɗaure mutum a kai. Kar wani ya ba ka wannan shawarar a gareji ka ɗauka.

Angulayen gaske su ne masu ƙananan allunan nan rawaya da ake kafawa a mahaɗar titi, "muna sayen gida kuɗi hannu", da masu bin jaridar gunduma suna kwafe sunayen waɗanda aka sa wa ranar gwanjo, kafin sati ya zagayo wasiƙu da kira da saƙon waya sun yi maka rubdugu har da masu ƙwanƙwasa ƙofa da murmushi. Su ba wanda bashi ya fi gidansa suke nema ba, mai rara suke nema. Don ga abin da mutane da yawa ba su lura ba: bayan hawan farashin da aka yi daga 2020, yawancin masu fama da biya a yau gidansu ya fi bashinsu daraja. Irin wannan ko shot sel ba ya buƙata, ya sa gida a kasuwa kawai, a biya banki, ya tafi da ragowar dubu hamsin ko tamanin a aljihu. Amma tsoro da kunya sun rufe masa ido, sai mai murmushi ya zo ya ce zan biya bashinka in ba ka dubu biyar ka tashi babu wanda zai ji, ya sa hannu, shi kuma ya juya ya sayar da takardar cinikin ga wani kafin ma a rufe. "Babu wanda zai ji" ɗin nan ita ce hajar da suke sayar mana, kuma mu muka sa ta yi tsada.

Haka masu cewa kawo dala dubu biyu mu tsayar maka da gwanjo. Dokar tarayya ta hana kamfanin sassaucin lamuni karɓar kuɗi kafin ya kawo maka tayin banki a rubuce ka amince. Duk wanda ya ce biya tukuna, ko ya ce daina magana da bankinka, ko ya ce sa min sunana a takardar gida na ɗan lokaci, rufe ƙofarka. Ko bayan gwanjo ma, in an sayar sama da bashin, rarar taka ce, kana iya nemanta da kanka ba sai ka ba wani kashi ɗaya cikin uku ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu fa mun iya haɗa kuɗi. In aka yi rasuwa kafin a yi sallar isha an tara kuɗin jana'iza ko na kai gawa gida. In biki ne anko kaɗai ya isa biyan wata biyu na gidan wani. Bashin da ya fara kayar da ɗan'uwan nan bai kai abin da muka kashe a sunan da muka zauna muna gulmarsa ba. Amma ba mu da wurin da mutum zai ce "na kasa biyan gida" ba tare da labarin ya riga shi isa ƙauyensu ba. A cikinmu akwai dillaliyar gidaje mai lasisi, akwai masu aikin haraji, akwai yaranmu da suka karanta lauya, duk suna garejin nan ko suna falo wurin mata, babu wanda ya taɓa tashi bayan sallah ya ce duk mai wasiƙar banki da yake tsoron buɗewa ya same ni a mota, bakina alaikum.

Ni dai na faɗi haka a wurin, da ɗan zafi ma, har mai gida ya ce "Malam, a yi haƙuri, shayi zai huce." Aka canza hira aka koma ƙwallo.

Daren Litinin wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya a garejin ne. Ya yi ta gaisuwa, ya iyali, ya aiki, ya sanyi, har na fara tunanin ko kuskuren lamba ya yi. Can ya ce "wai kwana nawa ka ce doka ta bayar?" Na ce 120. Ya yi shiru, ina jin yana lissafi. Ya ce shi yana wajen 70. Na ce gobe bayan la'asar ya zo da duk ambulan ɗin, har waɗanda ke cikin but.